Tsohuwar Kan Benci

Tun daga sallamarsa Auta ta san ba lafiya ba.

Dogo ba ya shigowa shagon buga takardun da take aiki ya fita bai tsokane ta ba. Ko ya ce injin kwafinta ya fi ta fara'a, ko ya ce ya zo a buga masa takardar neman aure kwafi uku, ɗaya ta Umma, ɗaya tata, ɗaya kuma ya ajiye saboda ranar gardama. Yau kuwa sunkuyar da kai kawai ya yi ya shigo, ya tsaya a gaban teburinta ko kujera bai ja ba. Farar rigar kantin maganin da yake aiki ma bai tsaya cirewa ba.

"Wa ya taɓa min kai da tsakar ranar nan?" ta ce da murmushi.

Ya ajiye wayarsa a gabanta, ya juyo mata fuskar.

Hoton da ta ɗauka ne kwana biyar da suka wuce. Wata tsohuwa ce zaune a kan bencin siminti a bakin titi, ta cire takalmanta ta jera su a gefe, sanda a kan cinyarta, mayafi ya zame daga kafaɗa ɗaya. Hasken safiya ya ratso ganyen bishiya ya sauka daidai kumatunta, inda hawaye ke gangarowa. A ƙasa kuma ga abin da Auta ta rubuta da ta sa shi a shafinta: "Duniya ta gajiyar da ita. Ko tana da mai jin ƙanta? Mu riƙa tuna iyayenmu."

Auta ta saki ajiyar zuciya har da 'yar dariya.

"Kai, ka tsorata ni! Ka gani ko? Sama da mutum dubu huɗu ne suka yaba shi. Har wani babban shafi na masu hoto ya ɗauka ya sa. Ni ɗin nan da ake yi wa dariya..."

"Auta."

"Na'am?"

"Mahaifiyata ce."

Injin kwafin ya ci gaba da tofo takardu ɗaya bayan ɗaya, suna zubewa ƙasa, babu wanda ya kula su.

*

Wata huɗu ke nan da Auta ta fara wannan harka. Wata tsohuwar kyamara ta gani a durowar mijin yayarta, ta roƙa aka ba ta, ta goge ta, ta shiga cikin masu fita ɗaukar hoton titi duk safiyar Asabar. Jagoransu wani dattijo ne da ya tsufa yana ɗaukar wa jarida hoto, kowa Baba Mai Hoto yake ce masa. Karatunsa ba shi da yawa. Ka matsa kusa. Ka gaida mutum kafin ka ɗaga kyamara, in abin ya zo da sauri ka gaishe shi bayan ka sauke ta. Sannan ka nuna masa hotonsa, in ya ɓata fuska ka goge a gaban idonsa.

To wannan gaisuwar ce ta gagari Auta. Yarinyar da in ta fara zuba a gida sai an haɗa ta da Allah take yin shiru, da zarar ta tunkari baƙuwar fuska da kyamara sai harshenta ya ƙulle. Don haka ta koma ɗaukar abubuwan da ba sa iya harara: ƙofofi, kekuna, kyanwa a kan katanga, da bayan mutane. Har 'yan ƙungiyar suka laƙaba mata Mai Hoton Ƙeya, tana dariya a gabansu, abin yana cin ta a rai.

Ran nan da sassafe ta bi ta unguwar su Dogo, wai ita hoto ta fito ɗauka, alhali so take ta gifta ta gaban kantin magani. A can ta hango tsohuwar. Ta laɓe a bayan wata mota daga tsallaken titi, ta murɗa bakin kyamarar har fuskar ta matso kusa, ta danna sau uku. Zuciyarta ta ce ta tsallaka ta gaishe ta, ƙafarta ta ce ba inda za ta. Ta bi ta ƙafar, ta yi gaba da sauri kamar wadda ta tsinci abin wani.

Kuma ta ina za ta gane ta? Mahaifiyar Dogo, wadda duk unguwar ke kira Malama Babba, ta yi shekara talatin da ɗaya tana shugabar makaranta. Wata goma sha huɗu ke nan tana ɗaki tun da ɓarin jikinta ya shanye, kuma ta kafa doka cewa ba za ta karɓi baƙo a kwance ba, ko da kuwa yarinyar da ɗanta ke son aura ce. Hoton da Dogo ya taɓa nuna wa Auta na wata cikakkiyar mace ce mai tabarau, tana kallon kyamara kamar za ta ce mata ta shiga layi. Ciwo ya cinye rabin wannan matar.

"Innalillahi... Dogo, wallahi ban sani ba! Wallahi tallahi ban san ita ce ba!"

"Na san ba ki sani ba. To da ba ita ba ce fa? Da uwar wani ce sai abin ya zama daidai?"

Hawaye ya ɓalle mata.

"Kin karanta abin da mutane suke rubutawa a ƙasan hoton?" in ji shi. "Wai ina 'ya'yanta. Wai Allah wadaran ɗan da zai bar uwarsa a titi. Ni ne wannan ɗan, Auta. Ni da na yi wata goma sha huɗu ina juya ta a kan gado kada bayanta ya yi gyambo."

"Ka yi haƙuri, don Allah ka yi haƙuri..."

"Jiya wani tsohon ɗalibinta ya gane ta, ya turo mota da buhun abinci da ƙunshin tsofaffin kaya, wai a ba Malama sadaka. Sadaka! Matar da ko kofin ruwa ba ta yarda a miƙa mata in dai hannunta zai kai."

Auta ta dafe teburin da hannu biyu.

"Ta san ni ce?"

"Yayata ta ga sunanki a saman shafin, ta gaya mata."

"Me ta ce?"

Ya kawar da kai yana kallon bango. Sai da ta sake tambaya sannan ya amsa.

"Ta ce, wannan ce wadda ake ta damuna in gani? Ai ita ta riga ta gan ni. Ta ce muddin tana numfashi kada in ƙara kai mata maganarki. In aure nake so, ga nas ɗin da ke zuwa tana motsa mata ƙafa, ita ta san yadda ake riƙe tsoho."

"Kai kuma sai ka ce me?"

"Me zan ce? Jininta ya hau, ina tsaye da abin awo a hannu." Ya ɗauki wayarsa, idonsa ya yi ja. "Ina sonki, Auta, kin fi kowa sani. Amma ba zan tsallake ta ba."

Ya fita. Ta bi bayansa da kallo har ya sha kwana, ko sau ɗaya bai waiwayo ba.

*

Ta goge hoton daga shafinta tun kafin ta bar shago, amma aikin gama ya gama. Ya riga ya bazu a wayoyin da ba ta san masu su ba, da rubutunta manne a ƙasa.

A gida kuwa Umma ba ta raga mata ba.

"Ban gaya miki ba? Mace da hankalinta, ta rataya baƙin abu a wuya tana yawo a titi tana leƙen fuskokin bayin Allah! Ke in aka ɗauke ki kina hamma ai kwana uku kike kina mita. To ga shi nan kin ɗauko mana magana."

"Umma, ban yi don in ci mata mutunci ba."

"Da niyya da ba niyya, mutuncin dai ya ciwu. Ni dai ki saurare ni. Mai shagon tayoyin nan shekara guda yana zarya a ƙofar gidan nan, ko kallon arziki ba kya yi masa. Mutum mai kunya, mai sana'arsa. Ba zan zuba ido ki tsufa a ɗakina kina jiran gidan da aka ce ba a sonki ba."

Yaya, da ta zo wuni da jaririnta a kafaɗa, ta ce, "Ko ba komai shi uwarsa ba ta zama a kan benci."

Umma ta watsa mata harara.

"Umma, shi nake so," in ji Auta, ta kifa kanta a kan cinyar uwar tana kuka kamar ranta zai fita. "Ko mutum ɗari za su yi zarya, shi nake so."

Umma ta dube ta. Can ta ɗora hannu a kanta, muryarta ta yi sanyi.

"Na sani, Auta. Amma ki sa ni a wurin matar nan. Da ni aka yi wa haka, ke kanki da ba ki bar wanda ya yi ya kwana lafiya ba."

Wannan maganar ta fi duk faɗan yi mata zafi, don ta san gaskiya ce.

Kwana uku abinci ba ya wuce mata wuya. Sau biyu ta kira Dogo, ya ɗauka, suka yi shiru kowa na jin numfashin ɗan'uwansa, sannan ya ce Allah ya kawo mafita ya kashe.

Ranar Asabar ta je inda 'yan ƙungiya suke haɗuwa, ta jira kowa ya watse, ta ajiye kyamarar a gaban Baba Mai Hoto ta ce ya ba wanda ya fi ta hankali. Ya saurari labarin tun daga farko yana goge tabaransa da gefen riga.

"Hoton ya yi kyau?"

"Baba, ni da nake cikin wannan hali..."

"Tambayarki na yi."

"Ya yi kyau."

"Shi ya sa ya yi nisa. Mummunan hoto ba ya cutar kowa, a waya yake mutuwa." Ya mayar da tabaran. "Laɓewar da kika yi laifi ne, amma rubutun ya fi ta. Kin ga hawaye ba ki san na mene ne ba, maimakon ki tambayi mai shi sai kika ƙirƙira masa dalili. Yanzu ina hoton?"

"Na goge daga shafina."

"Kin ɓoye dai. Mu lokacin da muka koyi aikin nan, in ka ɗauki mutum a titi sai ka wanke hoton ka kai masa har inda yake. Ya ga dama ya rataye, ya ga dama ya yaga, nasa ne. Je ki a wanke miki shi babba, ki kai mata da hannunki."

"Za ta kore ni, Baba."

"Ƙwarai kuwa. Sai ki dawo a kore, amma kin mayar wa mutane kayansu." Ya tura mata kyamarar. "Ɗauki abinki, ni ba na karɓar ajiyar matsorata."

*

Ba ta gaya wa Dogo ba, don ta san zai hana. Ranar Litinin da hantsi, lokacin da yake kanti, ta tsaya a ƙofar gidansu rungume da hoton a cikin babbar ambulan.

Nas ɗin ce ta buɗe mata. Kyakkyawa ce, mai natsuwa, ta amsa gaisuwa da fara'a har da matsa mata hanya. Auta ta ƙare mata kallo tana neman abin kushewa ko ɗaya, ba ta samu ba, abin ya ƙara mata baƙin ciki.

Falon fes yake. Littattafai jere a kanta, takardun yabo a bango, ga wani dogon ƙarfe da aka kafa a jikin bangon tun daga ƙofar ɗaki har bakin taga, fentinsa ya goge saboda riƙo. Malama Babba na zaune a kan kujera mai hannu, bayanta a miƙe, tabarau a fuska.

Auta ta durƙusa.

"Ina kwana, Mama."

"Ban haife ki ba. Malama ake ce min." Maganar na fita a hankali, gefen bakinta ɗaya bai cika motsi ba, amma kowace kalma sai da ta fito tsaf. "Ke ce mai hoton?"

"Ni ce, Malama. Na kawo miki kayanki ne."

Ta miƙa ambulan da hannu biyu. Malama ta zaro hoton da hannunta mai lafiya, ta ɗora a cinya, ta daɗe tana kallo. Nas ta sulale ta shige ciki.

"Ina rubutun?"

"Na goge shi, Malama."

"Daga kanki ma kin goge? Tashi tsaye. Faɗa min shi da ƙarfi, yadda na bayan aji zai ji."

Auta ta miƙe, ji take kamar ƙasa ta tsage ta shige. Kalmomin da ta yi ta alfahari da su, yau da ta furta su a gaban mai su, kowace ɗaya sai da ta ƙona mata harshe.

"Maimaita na biyun."

"Ko... ko tana da mai jin ƙanta."

"To. Zauna in gaya miki abin da kika ɗauka, tunda ba ki tambaya ba."

Auta ta zame ta zauna a ƙasa.

"Likita ya gaya wa 'ya'yana a gabana, yana zaton ba na ji, wai da wuya in ƙara takawa. Wata huɗu ina kallon silin. Wata uku ina koyon zama kamar jaririya, ni da na koya wa rabin unguwar nan riƙe fensir. Daga gadona zuwa ƙofar ɗaki taku bakwai ne, sati shida na yi kafin in kai. Kin ga wancan ƙarfen? Tafin hannuna ne ya cinye fentinsa."

Ta tsaya ta ja numfashi.

"Daga ƙofar gidan nan zuwa wancan bencin taku ɗari shida da arba'in ne. Ran nan na saci jiki ban gaya wa kowa ba, don in na faɗa za a biyo ni da keken guragu. Na tafi, ina ƙirgawa, har na kai. Ni kaɗai. Na cire takalmi don in ji ƙasa a tafin ƙafar da aka ce ta mutu. Kuma na ji ta! Na ji sanyinta, na ji tsakuwa tana sukata. Shi ne na yi kuka. Tun ranar da na haifi yaron nan ban ƙara yin farin ciki irin na wannan safiyar ba."

Muryarta ta karye, ta cire tabarau ta riƙe a hannu.

"Ke kuma kina laɓe a tsallake. Kika ɗauke min wannan ranar, kika raba wa duniya ita a matsayin ranar da na faɗi. Da kin tsallako kin ce, baiwar Allah, lafiya kike kuka? Da ke ce farkon wadda zan yi wa albishir. Ina ta waige-waige ina neman wanda zan gaya wa, babu kowa."

Nan Auta ta fashe da kuka mai sauti, ba ta ko damu da nas ta ji ba.

"Tsoro ne, Malama. Wallahi tsoro ne. Ina tsoron in tambayi mutum ya ce min a'a, shi ya sa nake laɓewa. Na ga hawayenki na ji tausayi, sai na ɗauka tausayin nawa shi ne gaskiya. Ban zo in roƙe ki ki ba ni ɗanki ba, na san ban isa ba. Ina sonsa kamar raina, amma in kin ce a'a, a'a ɗin ce. Ki dai yafe min, ko da ba za ki ƙara ganina ba."

Malama ta mayar da tabaranta. Ba ta yaga hoton ba, ba ta kuma ce ta yafe ba. Ta kife shi a kan teburin gefenta.

"Share fuskarki ki tafi."

Auta ta tashi. Har ta kama hannun ƙofa ta ji muryar daga bayanta.

"Jibi ƙarfe bakwai na safe zan fita, nas ba ta zuwa ranar. Ban ce ki zo ba, gaya miki kawai na yi."

*

Bakwai saura kwata Auta na ƙofar gidan, kyamara a wuya.

Malama Babba ta fito da sandarta, ta dube ta sama da ƙasa kamar mai duba farcen ɗalibai.

"Ki bi ta haguna, nan ne mai ciwon. Kada ki riƙe ni sai kin gan ni a ƙasa. Wannan abin na wuyanki kuma kada ya motsa sai na ce."

Suka kama hanya. Sanda ta yi gaba, ƙafar dama ta bi, ta hagu ta jawo kanta a hankali tana share ƙasa. Leɓen Malama na motsi, tana ƙirga.

Auta ba ta taɓa shan azabar da ta sha a wannan tafiyar ba. Ko'ina ta duba hoto take gani: jijiyoyin hannun da ke damƙe da sanda, gumin da ya tsatso a ƙasan tabarau, inuwarsu biyu a jikin katanga. Yatsanta har ƙaiƙayi yake. Ta harɗe hannayenta a baya don kada su ci amanarta.

Mai gyaran takalmi ya miƙe daga kan akwatinsa yana washe baki.

"Malama Babba da kanta! Sannu da ƙoƙari, Allah ya ƙara lafiya!"

Malama ta amsa, sannan ta juyo ga Auta.

"Ke ba ki da baki ne? Gaishe shi."

Ta gaishe shi. Haka aka yi a wurin mai sayar da jarida, da matar da ke share ƙofar shagonta, da wani direba da ke wanke motarsa. Kafin su yi rabin hanya Auta ta gaida baƙin fuska shida, kuma abin mamaki ba wanda ya cije ta. Mai jaridar ma cewa ya yi yaushe za a ɗauke shi, ya sa sabuwar hula.

Da suka iso bencin, Auta ta rage tafiya, kunya ta rufe ta. Malama ko kallonsa ba ta yi ba.

"Yau ba nan ba ne."

Daga nan tafiyar ta yi tsanani. Numfashin Malama ya koma sama-sama, sandar na karkarwa. A bakin wata kwata ƙafar hagun ta sarƙe, jikinta ya tafi luu. Auta ta miƙa hannu biyu, saura ƙiris ta cafke ta, sai ta tuna. Ta tsaya haka hannuwa a buɗe, har tsohuwar ta dafa sanda ta daidaita da kanta.

Malama ta kalli hannuwan, ta kalli fuskar Auta. Suka ci gaba.

Sai da suka sha kwana Auta ta gane inda aka nufa. Ga kantin magani can, ƙofa a buɗe, Dogo na jera kwalabe a kanta. Ya ɗago, ya ga mahaifiyarsa tsaye a bakin titi, ya ga wadda ke gefenta. Ya fito a guje.

"Mama! Da ƙafa? Tun daga gida?"

"Taku ɗari tara da goma sha biyu. Kada ka taɓa ni. Ungo riƙe min wannan."

Ta miƙa masa sandar. Ta gyara zaman tabaranta, ta ja mayafinta ta daidaita shi a kafaɗa biyu, ta tsaya a kan ƙafafunta ba ta jingina da komai ba. Ta ɗaga haɓa.

"Ke. Yanzu."

Auta ta ɗaga kyamarar. Hawaye ya hana ta gani, ta goge da bayan hannu. Ba ta murɗa komai ba, da ƙafarta ta matso, taku ɗaya, taku biyu, har ta ga kanta a cikin gilashin tabaran. Ta danna sau ɗaya.

Ta juya kyamarar ta nuna mata.

"A bari ko a goge, Malama?"

Malama ta ƙura wa hoton ido.

"Bakina ya ɗan karkace."

"Bari in goge in sake..."

"Wa ya ce ki goge? Bakina ne, haka yake. Ki sa shi a inda kika sa wancan, waɗanda suka yi min kuka su gani."

Auta ta sauke kyamarar.

"Me zan rubuta a ƙasa?"

Malama ta dubi ɗanta, da ke tsaye rungume da sanda ya kasa ko ƙifta ido. Ta dawo da kallonta kan Auta.

"Rubuta: surukata ce, kuma da ƙafarta ta zo."

Sandar ta suɓuce daga hannun Dogo ta faɗi ƙasa. Auta ta toshe bakinta, kuka da dariya suka haɗe mata wuri ɗaya.

"Kai kuma ka tsaya kallona, ɗauko min kujera, ƙafar nan ta gama aikinta na yau," in ji Malama. Ta nuna Auta da yatsa. "Ke kuma ki kawo in duba kafin ki tura. Ban yarda da rubutunki ba tukuna."